ABINCIN 'YAN TSAKI: MAI MAGANI KO MARAR MAGANI?

A 'yan shekarun nan kiwon kajin Turawa ya shiga gidaje da yawa a ƙasashen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, dalilin kuwa ba ɓoyayye ba ne. Wannan yanki na kudancin Katsina ƙasar masara ce da dawa da waken soya, kuma a da dukiyar talaka a nan ita ce shanu da tumaki da awaki. Da ɓarayin daji suka addabi ƙasar, suka yi ta kore garke bayan garke, har a shekarar 2021 Gwamnatin Jihar Katsina ta ga tilas ta dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin yankin, aka kuma katse layukan waya zuwa wani lokaci, sai mutane suka karkata ga abin da za a iya tsarewa cikin ɗaki a ja ƙofa. Malamin makaranta ya sayi 'yan tsaki 50 don ya tallafa wa albashi, akawu ya sayi 100 ya bar wa uwargida, matar da aka raba da ƙauyensu ta sami 20 cikin kwali tana kwana ɗaki ɗaya da su. Ga irin waɗannan bayin Allah mutuwar 'yan tsaki ba ƙaramar hasara ba ce, gama sau da yawa jarin ke nan gaba ɗaya, na wani ma bashi ne ko kuɗin adashi.

To, akwai wata tambaya da kowane sabon mai kiwo ya kan yi karo da ita ran da ya fara zuwa sayen abincin kaji: ya sayi wanda aka gauraya da magani tun daga masana'anta, ko kuwa wanda babu kome ciki sai abinci tsantsa? Masu ba da shawara sun rabu biyu. Waɗansu su ce mai maganin shi ne kariya daga dukkan ciwo, wanda ya saye shi ya huta. Waɗansu su ce guba ce a ke ɗura wa kaji, daga baya ta dawo cikin tukunyarmu. Mun duba maganar, mun ga ɓangarorin nan biyu kowanne ya riƙi rabin gaskiya ya saki rabi. Ra'ayinmu shi ne, ga mai 'yan tsakin Turawa da ya tsare su cikin ɗaki a wannan yanki, musamman da damina, abinci mai maganin ya fi, amma da sharaɗi: ya san wane magani ne a ciki, ya kuma san iyakar aikinsa.

Iyakar aikin nasa kuwa ƙarama ce. Maganin da a ke sa wa abincin 'yan tsaki bisa ƙa'ida ciwo guda ɗaya tak ya ke tsarewa, watau ciwon nan na kashin jini, wanda likitocin dabbobi ke kira koksidiyosis, masu kiwo su kan taƙaita su ce koksi. Abin da ke kawo shi wata halitta ce 'yar mitsitsi da ido ba ya gani, sunanta Aimeriya, mai zama cikin bangon hanjin kaza. Iri bakwai ne sanannu a jikin kaji tun da daɗewa, kowanne da sashen hanjin da ya ke kamawa, kuma na kaza ba ya kama akuya, na akuya ba ya kama kaza. Kazar da ke ɗauke da ita ta kan zubar da ƙwayayenta cikin kashi. Sa'ad da suka fito ba su da lahani tukuna, sai sun kwana ɗaya ko biyu cikin danshi da ɗumi sa'an nan su nuna. Ɗan tsako ya zo yana tonon shimfiɗa ya haɗiye su, su fashe cikin hanjinsa su yi ta hayayyafa, ƙwaya guda ta zama dubbai masu yawa, suna yayyaga bangon hanji. Bayan kwana huɗu ko biyar jini ya bayyana cikin kashi, ɗan tsakon ya takure ya saki fukafukai, gashinsa ya tashi, ya daina cin abinci. Ciwon ya fi tsanani tsakanin mako na 3 da na 6, watau daidai lokacin da mai kiwo ya riga ya zuba kuɗinsa cikin abinci da gawayi da rigakafi, yana ganin ya haye. Akwai kuma irin da ba ya nuna jini ko kaɗan, sai dai a ga kaji suna ci ba sa girma, wannan shi ne ɓarawon da ba ya fasa ƙofa.

Kada wani ya zaci ciwon ƙasarmu ne kaɗai. Masana na Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Landan da abokan aikinsu sun yi lissafi a shekarar 2020, suka ce abin da wannan ciwo ke ci wa masu kiwon kaji na duniya duka ya zarce fam biliyan 10 a shekara. A Amurka, kafin a sami maganinsa, shi ne ya hana tara kaji dubbai a ɗaki ɗaya. Sai a 1948 aka soma gauraya wani maganin salfa cikin abinci don rigakafi, a 1960 aka fito da amfuroliyam, wanda har yanzu shi ne mafi sani, a 1971 kuma monensin ya shigo. Ashe kiwon kaji na zamani da wannan magani tare suka tashi, kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai.

Yadda amfuroliyam ke aiki abin lura ne, gama nan ne masu cewa guba ne suka yi kuskure. Siffarsa ta yi kama da wani sinadarin gina jiki, bitamin B1, wanda halittar nan ke bukata ƙwarai. Sai ta haɗiye shi a maimakon na gaskiyan, ta rasa ƙarfin hayayyafa. Ba ya kashe ta ƙarƙaf, rage ta ya ke yi, kuma wannan ragowar alheri ce: ɗan tsakon da ya gamu da ciwon kaɗan kaɗan jikinsa ya kan saba, ya sami garkuwa ta kansa, har ranar da aka janye maganin ba abin da zai same shi. Wanda aka tsare shi sarai bai taɓa gamuwa da ciwon ba, ran da ya gamu da shi da yawa a lokaci ɗaya, ran nan ya ke faɗuwa. Amfuroliyam kuma ba ya cikin jinsin magungunan da a ke ba mutane a asibiti don kashe ƙwayoyin cuta, saboda haka tsoron da a ke yi game da waɗancan bai shafe shi ba. Za mu komo kan wannan.

Yanzu sai mu dubi masu kiwon namu, gama ba iri ɗaya ba ne. Akwai tsohuwa mai kajin Hausa, kazarta ta ƙyanƙyashe takwas ko goma, tana yawo da su tsakar gida da bayan danga, ana watsa musu tsaki, a tono musu gara. Wannan ba ta bukatar abinci mai magani. Kashinsu a warwatse ya ke, rana tana busar da shi, rana da bushewa kuwa su ne manyan abokan gāban ƙwayayen nan, waɗanda ruwan maganin wanke ɗaki ma ba kasafai ya ke kashe su ba. 'Yan tsakinta suna gamuwa da ciwon kaɗan kaɗan kamar yadda muka ce. Abin da ke cinye mata su shi ne shirwa, da sanyin damina, da annobar nan ta hunturu mai share kajin ƙauye. Kuɗin da za ta kashe kan buhu gara ta kashe shi kan akurki mai kyau da rigakafin annoba.

Akwai kuma babbar gona wadda ta sayi 'yan tsakin da aka yi wa rigakafin koksi tun daga wurin ƙyanƙyasa. Irin wannan rigakafi ya daɗe, tun 1952 aka fara sayar da shi a Amurka, kuma ba wani abu ba ne illa ƙwayayen ciwon masu rai da aka auna daidai gwargwado. Wanda ya ba irin waɗannan 'yan tsaki abinci mai magani ya kashe rigakafin da ya biya kuɗinsa, ya yi biyu babu. Su abinci marar magani ne nasu. Amma a nan muna so mu ja kunnen masu karatu. In dillalin 'yan tsaki ya ce maka an yi musu rigakafi, tambaye shi na wane ciwo. Galibi abin da a ke nufi shi ne allurar da a kan yi musu ranar ƙyanƙyasa don ciwon shanyewar ƙafa da a ke kira Marek, wannan kuwa ba ruwanta da kashin jini. In ba a rubuta maka a takarda cewa an yi na koksi ba, ɗauka ba a yi ba.

Na uku shi ne wanda muka fi damuwa da shi, gama shi ne mafi yawa cikin masu karanta wannan jarida: mai 'yan tsaki 50 zuwa 200 cikin shago ko ɗakin da aka keɓe, a kan dusar katako ko ɓuntun shinkafa. 'Yan tsakinsa sun sha doguwar tafiya cikin mota, waɗansu tun daga Ibadan, waɗansu daga Jos ko Kaduna, sun iso a galabaice. Ɗakin a cike ya ke, kaskon ruwa yana zuba, ga damina ta kankama tun daga Yuni har Satumba, iska da danshi, an toshe tagogi da leda saboda sanyi. Duk abin da halittar nan ke so an haɗa mata. Mai kiwo a Zariya ko Kano, in ya ga jini da safe, kafin azahar ya kai gawar ɗan tsako asibitin dabbobi an buɗe ta an faɗa masa abin da zai yi. Mutumin da ke wani ƙauye a ƙasar Sabuwa ko Faskari fa? Sai ya jira ranar da hanya ta yi kyau ya tafi Funtuwa, kafin ya dawo kuwa ciwon ya gama aikinsa, tun da tsakanin bayyanar jini da fara mutuwa kwana ɗaya ne ko biyu. Wannan nisa da likita shi ne babbar hujjarmu. Inda magani ke da wuyar isowa kan kari, rigakafin da ke cikin abinci ya fi daraja. Kuɗinsa kuma ba wani abin a zo a gani ba ne in an gwada da na abincin kansa: 'yar tsakuwar kazar ƙwai tana cin kimanin kilo 2 cikin makonni 8 na farko, watau guda 100 za su ci wajen buhu 8 mai kilo 25, maganin da ke cikin dukkan buhunan nan bai cika tafin hannu ba.

Sai dai abincin ba ya ɗauke wa kowa aikin tsabta. In shimfiɗa ta jiƙe ta dunƙule, ƙwayayen sun yi yawan da za su rinjayi maganin, ga shi kuma a wurare da yawa na duniya halittar ta fara sabawa da magungunan da aka daɗe ana ba ta. A ɗora kaskon ruwa a kan bulo ko katako, a kwashe inda ya jiƙe kowace safiya a zuba busasshe, a bar iska ta ratsa ta sama, kada a haɗa ƙanana da manya a ɗaki ɗaya. In aka damƙi shimfiɗa a hannu ta dunƙule kamar fura, ta jiƙe ke nan. Haka kuma abincin ba ya tsare annobar hunturu da likitoci ke kira Niyukasil, ba ya tsare Gumboro, ba ya tsare ƙyandar kaji. Waɗannan sai rigakafi a kan lokacinsa, irin wanda Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Vom, wadda ke can tun 1924, ta ke yi. Gumboro ma ya kan kama a kusan makonnin da koksi ke kamawa, mutum ya yi ta zargin abinci alhali rigakafi ya tsallake.

Mu koma kan masu tsoron guba, gama akwai inda gaskiyarsu ta ke. Wajen 1950 aka gano a Amurka cewa in an riƙa sa wa kaji ɗan maganin kashe ƙwayoyin cuta, watau antibayotik, cikin abinci kullum, su kan yi saurin girma. Duniya ta rungumi abin shekara da shekaru, sai daga baya aka gane cewa ƙwayoyin cuta suna sabawa da maganin, su bi nama da ƙwai da taki da ruwa su iso ga mutane, ran da yaro ya kwanta a ba shi maganin ya ƙi ci. Ƙasar Suwidin ta hana wannan al'ada a 1986, Tarayyar Turai ta bi sawu a 2006, Hukumar Lafiya ta Duniya kuma a 2017 ta yi kira a daina ba dabbobi masu lafiya irin waɗannan magunguna. Wani babban bincike da aka buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1.27 suka mutu saboda cututtukan da suka daina jin magani, kuma in an gwada da yawan jama'a, Afirka ta Yamma ce abin ya fi yi wa ɓarna. To, abin mamaki, mutumin da ke ƙyamar buhu mai maganin koksi sau da yawa shi ne za ka tarar yana fasa kafso mai ja da rawaya cikin ruwan 'yan tsaki tun ranar da suka iso har ranar sayarwa, wai don kada su yi ciwo. Ya guji abin da ba shi da laifi ya rungumi mai laifin. Wannan kafso ba a yi shi don kashin jini ba, na mutane ne, kuma kowace ƙwaya da aka zuba a kaskon kaji ba bisa umurnin likita ba ragi ce ga ƙarfinsa ran da a ke bukatarsa a gadon asibiti.

Akwai waɗansu haɗurra kuma da suka shafi gidajenmu musamman, tun da mu ba mu raba dabbobi. Monensin da danginsa, irin su salinomaisin, guba ne mai kisa ga doki da jaki, ɗan kaɗan ya isa ya lalata musu zuciya. A ƙasar da jaki ke ɗaure kusa da rumbu, ana kuma zuba masa duk ragowar dusar da aka samu, wannan ba maganar wasa ba ce. Salinomaisin yana kashe talotalo. Wani kuma mai suna nikarbazin yana sa kaji su kasa jure zafi, saboda haka bai dace da bazararmu ta Maris zuwa Mayu ba, in kuma kaza mai ƙwai ta ci shi sai ɓawon ya koɗe, ƙwan ya ƙi ƙyanƙyasuwa. Waɗansu daga cikinsu wajibi ne a janye su 'yan kwanaki kafin yanka, adadin kwanakin a kan rubuta shi a takardar buhu, mai kajin nama da ke hanzarin kasuwar Salla kuwa ya kamata ya ji tsoron Allah a kan wannan. Shi kansa amfuroliyam in ya yi yawa sai ya hana ɗan tsako bitamin ɗin da muka ambata, a ga yana tangaɗi yana sanƙarar da wuya. In kuwa ana cikin jinya da shi aka yi ta zuba bitamin B mai yawa a ruwa, an warware aikinsa.

Wannan ya kawo mu ga masu haɗa abincinsu da kansu. A ƙasar da masara da waken soya ke fitowa daga gonar mutum ko daga kasuwar Dandume, haɗin gida dabara ce mai kyau, ba mu hana ba. Abin da mu ke hani da shi shi ne mutum ya ce zai gauraya maganin da hannunsa. Ma'aunin amfuroliyam cikin abinci giram 125 ne a tan guda, watau giram 3 da ɗan ɗoriya a buhu mai kilo 25. Wane ne zai iya raba wannan daidai cikin buhu guda da shebur a kan tabarma? Wani ɗan tsako zai ci ninki goma, wani ba zai sami kome ba. Mai haɗin gida ko dai ya sayi gaurayen sinadaran da masana'anta ta riga ta auna, mai takarda a jiki, ko kuwa ya bar abincinsa ba magani, ya tsananta tsabta, ya ajiye maganin da a ke narkawa cikin ruwa tun kafin 'yan tsaki su iso, ya kuma sami ma'aunin daga bakin malamin dabbobi ya rubuta a bango.

Duk wannan bayani yana rataye ne a kan abu guda, watau mai saye ya ga takardar buhu. Nan kuwa gizo ke saƙa. Mai 'yan tsaki 20 ba ya sayen buhu, kwano ya ke saye ko tiya daga buhun da aka riga aka farke, wani lokaci ma an juye shi cikin wani buhun dabam. Bai san ko na 'yan tsaki ne ko na manya ba, bai san ranar da aka yi shi ba, balle maganin da ke ciki. Cinikin biri a sama ke nan. Wanda ya sayi buhun sukutum ma sau da yawa abin da zai gani kalma ce guda ta Turanci, coccidiostat, ma'anarta maganin tsare koksi, ba tare da an faɗi wanne ne ba, alhali mun ga bambancin da ke tsakaninsu ya kai ran jaki.

Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke da alhakin lura da magungunan dabbobi da abincinsu. Muna roƙonta ta tilasta wa kowace masana'anta ta rubuta sunan maganin, da ma'auninsa, da kwanakin janyewa, da dabbobin da ya ke yi wa lahani, kuma buhun da za a sayar a Arewa a rubuta masa wannan da Hausa. Sassan aikin gona na ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa ba sai sun jira wannan ba. Suna iya umurtar masu shaguna su bar takardar a jikin buhun da su ke aunawa daga ciki, su kuma tura malaman dabbobi su zauna a kasuwa ranar da ta ke ci, inda mai kiwo zai same su ba tare da ya yi wata tafiya ta musamman ba.

Ku kuma malamai da akawuna, ku ne masu karatun Turanci a unguwanninku, ku ne a ke kawo wa takarda a ce a duba. In maƙwabciya ta kawo muku ta buhun abinci, ku nemi kalmar amprolium, ko monensin, ko salinomycin, ko nicarbazin, haka a ke rubuta su a can, ku faɗa mata abin da kowanne ke nufi ga jakinta da talotalonta da kajinta masu ƙwai. Makarantar da ke da ɗan filin aikin gona tana iya ajiye 'yan tsaki 20 a zangon karatu ɗaya, yara su riƙa damƙar shimfiɗa da hannunsu kowace safiya suna rubuta abin da suka gani a littafi. Waɗanda kuma kowannensu kwano biyu ko uku ya ke saye, su haɗu su biyar su sayi buhu guda a rufe, su karanta takardarsa tare kafin su farke bakinsa, sa'an nan wanda ya fi kusa da malamin dabbobi ya adana ta har kajin su fita mako na 8.